Littafin da Nake Nema wa Ladi

Kwanakin baya wata yarinya ta shigo zauren masu karatu da 'yata ta jefa ni ciki a waya, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta ce a ba ta sunan littafi mai daɗi ko fim, zaman gida ya ishe ta. Kafin in lalubo tabarauna a ƙarƙashin filo, sunaye sun zubo mata kamar an kwance bakin buhun gero. Wannan ta ce ga wanda za ta nema, waccan ta ce a'a ga wanda ya fi shi, wata ma ta ƙara da cewa a ƙarshe matar mutuwa take yi, amma akwai daɗi. Babu wadda ta tambayi yarinyar ko ita wace ce, ko jego take, ko takaba, ko wani abu ne ya hana ta sukuni. Na ajiye wayar na yi ta mita ni kaɗai har jikokina suka leƙo suna tambaya da wa nake faɗa. Ba da kowa nake faɗa ba. Tsakar gidanmu ta wancan zamani na tuno, da yadda muke yi wa juna ɗanɗanon littafi, sai kewa ta kama ni.

Lokacin ina sabuwar amarya a nan Birnin Gwari, littafi ba ya samun mutum a aljihu. Ranar kasuwa yake shigowa gari, a buhun wani mai koli da ke shimfiɗa su tsakanin allura da kwalli da man shafawa, ko kuma direbobin da ke bin hanyar Kaduna da Funtuwa su riƙo wa matansu tsaraba. 'Yan sirara ne, takardar ba ta da ƙwari, kuma ba sa zuwa a cike. Na ɗaya yau, na biyu sai yadda hali ya yi, na uku kuwa wani lokaci sai cikin da aka ɗauka ana karanta na ɗaya ya zama goyo. Littafi guda sai ya zaga unguwa kaf, a ƙarƙashin faifan da aka rufe kwanon tuwo, ko a naɗe cikin ɗankwali. Idan ya dawo hannunki kina iya faɗin gidajen da ya kwana: ga ɗigon man gyaɗa daga gidan mai ƙosai, ga warin daddawa, ga shafin da wani jariri ya tauna. Karatun kuma ba a ɓoye a ɗaki ake yin sa ba. Bayan azahar, an gama surfe, injin niƙa na bakin layi ya yi shiru, sai a baza tabarmi a inuwar ɗakin girki, a zube gyaɗa a tsakiya, hannuwa na ɓara, mace ɗaya na karantawa da ƙarfi. Har yau in na ji ɓawon gyaɗa na fashewa tsakanin yatsu sai in ji kamar za a buɗe shafi.

Muna da hanyarmu ta kwaɗaita wa juna littafi, ɗanɗano muke ce mata. Ba suna kawai ake faɗa ba, wa zai ƙoshi da suna? Wadda ta riga ta karanta ita ke matsawa kusa da wadda take so ta ba, ta fara ba ta labarin da baki a hankali, ta gabatar mata da mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya har ta saba da su, ta kai ta daidai inda masifa ta kunno kai, sai ta tsuke baki ta kakkaɓe zaninta ta ce sauran sai ki gani da idonki. Ko za a yi mata kuka ba ta ƙara kalma. Kuma ba kowace mace ake ba kowane littafi ba. Mai ciki ba a ba ta wanda aka rasu wurin haihuwa. Wadda ta yi yaji ta dawo ba a ba ta mai miji mai baƙin hali, don kada a tayar da abin da ya kwanta. Sai kin san halin da mace ke ciki kafin ki miƙa mata. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a unguwarmu babu wadda ta kai ni iya ɗanɗano. Na san inda ake tsayawa. Na sha barin mace da taɓarya a hannu, baki buɗe, ta manta abin da take daka.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta yi boko ba, kuma a bakinta littattafan nan shirme ne na marasa aikin yi. Kullum sai ta faɗa. Amma da an baza tabarma za ka ga ta jawo kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin ƙofa, wai hasken ɗakinta bai isa ta tsince tsakuwa a shinkafa ba, kuma shinkafar nan ba ta ƙarewa sai an rufe littafi. Tana tsinta tana tsaki, tana yi wa mutanen cikin labarin faɗa kamar ita ta goya su. In mai karatu ta fara sauri don ta ƙosa ta ga abin da zai faru, sai Inna ta ɗago ta ce a bar yarinyar cikin labarin ta sha wahalarta a hankali, ba kora ake yi ba. In kuwa wata ta nemi leƙa shafin ƙarshe, ranar sai ta ji babu daɗi. Inna takan ce ita da ta yi ta haihuwa har ta gaji, ba a taɓa gaya mata wanda zai rayu da wanda zai koma ba, haka ta rene su duka, don haka ba ta ga abin da zai sa mu fi ta gata a kan 'yar takarda ba. Dariya muke yi a lokacin, don ba mu san nauyin maganar ba.

A irin wannan zaman Ladi ta same mu. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye can bayan Dogon Dawa, sa'ata, ita ma ba ta daɗe da aure ba. Ranar kasuwa takan shigo gari da doya ko man kaɗanya a babbar ƙwarya, a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, ta bi gida-gida da abin da ya rage mata. Ta yi sallama ranar ina tsakiyar karatu, hayaƙin ɗanyen itace ya shaƙe ni ina ta tari, ga shi an kai inda ba a tsayawa. Babu wadda ta kula ta. Ta tsaya da kayanta a kafaɗa tana saurare, da ta ga tarin ya ƙi barina sai ta sauke ƙwaryar ta goge hannu a zani ta ce, "Amarya, kawo in taya ki, ki sha ruwa." A cocinsu ta koyi karatun Hausa, kuma da muryar coci take karanta komai. Saurayi na yi wa budurwa daɗin baki, Ladi na karanto shi kamar mai wa'azi a kan mumbari. Muka yi dariya har da riƙe ciki, Inna ta ce yau dai yaron nan ya yi kama da mutumin kirki. Ranar doyar ba ta ƙara zaga ko'ina ba, Inna ta sa aka juye ta a ɗakin girkinmu aka auna wa Ladi dawa a madadinta. Tun daga ranar har yau da nake da jikoki, Ladi ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Amarya.

Ta zama tamu. Ni mai son na dariya da na rikicin dangi ce, ita kuwa a ba ta wanda za ta yi kuka. In na yi mata ɗanɗanon littafi ta ji babu maraya ko wanda aka zalunta a ciki, sai ta taɓe baki ta ce wannan babu gishiri. Tana karatu hawaye na ɗiga a shafi, muryar ko rawa ba ta yi, in an tsokane ta ta ce kukan littafi wanke ido ne kawai, ba ya kwana a ƙirji. Da la'asar take kama hanya, a bayan a-kori-kura zuwa mararrabarsu, sauran ta taka da ƙafa ta cikin daji ita da matan ƙauyensu, tana juya musu labarin da yarensu tun daga farko, ta kuma tsaya musu daidai inda na tsaya mata. Abin tsoro a dajin nan a lokacin bai wuce maciji da ƙudan zuma ba, sai birai masu ɓarnar masara. Na taɓa bin ta bikin ƙanwarta, na ga ɗorawa da kaɗanya iya ganin ido, na ji kukan tsuntsayen da ban san sunansu ba. Muna tafe tana nuna min da hannu can inda dajin ya haɗe da na Kamuku, tana cewa kakanta ya sha ganin sawun giwa a wurin. Muna hira muna dariya muka ratsa shi, babu wadda ta waiwaya.

Abin da ya sa dokar ƙarshen labari ta kafu a unguwarmu, har aka san ni da ita, wani littafi ne da na ukunsa ya ƙi zuwa. Mun karanta na ɗaya da na biyu da rani, aka bar mu da wata baiwar Allah a tsaye a tasha da jariri a baya, ba ta san inda za ta nufa ba. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, matar nan tana tasha. Inna da kanta take aikawa a tambayi mai koli. Ladi kuwa kafin ta sauke kaya take cewa, "Amarya, ta bar tashar?" Ashe wata matar direba a unguwar, mijinta ya riƙo mata na ukun daga Kaduna, ta karance shi a ɗaki ita kaɗai. Ta zo gidan suna ana cikin rabon tuwo, ta buɗe baki a gaban kowa ta faɗi yadda aka ƙare, har da wanda ya mutu. Ladi ta mayar da lomar da ta ɗauko. Ni kuwa ƙuruciya na kaina, na miƙe na wanke matar nan tas, na ce ta shiga gonar mutane ta girbe musu tun ba ta nuna ba. Aka yi ta ba ni haƙuri kamar ni aka yi wa sata. Hukuncin da matan unguwa suka yanke shi ne ba za a ƙara ba ta aron littafi ba sai bayan girbi, kuma in ta shigo ana karatu sai a rufe a kama hirar miya. Mun shirya daga baya har ta zama ƙawa, Allah ya jiƙanta, amma tun daga nan in ana so a tsorata mai sakin baki sai a ce za a haɗa ta da ni.

Da finafinan Hausa suka shigo a kaset, dokar ta bi su. Gidan wani ma'aikacin gandun daji ne farkon mai bidiyo a layinmu, matarsa kan tara mu da hantsi ranar da aka samu man janareta, a rufe taga da zani. Inna da ta rantse ba za ta je kallon shaiɗanu ba ita ce a sahun gaba, tana gargaɗin na cikin akwatin cewa ga mugu nan a bayan ƙofa, in bai ji ba ta ce ai ga irinta nan. Ladi ta fi son littafi, ta ce a fim an riga an zaɓa mata fuskar mutum, alhali ita tana da tata a ka. Duk da haka in na yi mata ɗanɗanon fim na tsaya inda na saba, ba ta barin gari sai ta kalla. Haka muka yi ta yi. 'Ya'ya suka zo suka girma, Inna ta rasu, kanmu ya yi fari, mai koli ya daina kawo littafi ya koma sayar da cajar waya.

Kada a ce tsohuwa ta zauna tana kushe zamani. Yaran yanzu suna rubutu, wallahi suna yi, wasu ma sun fi na lokacinmu sanin ciwon rayuwa. A 'yan watannin nan na karanta wani a waya, na wata bazawara da ta gaji injin niƙan mijinta, ƙannensa suka sa ta a gaba, ta ƙi durƙusawa. Duk macen da aka taɓa raina wa wayo, irinsa ya kamata ta nema. Na kalli wani fim na tsofaffi biyu maƙwabta da suka daina gaisawa saboda mangwaron da ya tsiro a kan iyakar gidajensu, na yi dariya har na ƙware. Akwai wani kuma na ungozomar ƙauye, shi sai mai ƙarfin zuciya. Abin da na rasa ba daɗin labari ba ne. Yanzu kowa da wayarsa a tafin hannu, kunne a toshe, yarinya na dariya ita kaɗai a lungu ba ka san da wa take ba. Littafin ba ya ɗaukar warin gidan kowa. Shafi-shafi ake sako shi kullum, kafin ki kai tsakiya wata ta riga ta faɗi ƙarshe a zaure, kuma babu aron da za a hana ta.

Sai dajin ya juya mana baya. Ba sai na ba mutumin Birnin Gwari wannan labarin ba, kowa da nasa. Hanyar da Ladi ke bi tana ba da labari ta zama wadda ba a bi sai da addu'a, zuwanta ya koma jefi-jefi, daga baya sai dai murya a waya in an samu sabis. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a nesa. Autanta ne ya tsaya yana noma gonar uban, saurayi mai yawan fara'a, wanda na sha goyawa yana jariri in uwar na yi mana karatu. Wata safiya da kaka ya tafi tonon doya, 'yan bindigar nan da muke kira mutanen daji suka tafi da shi tare da wasu. Wasu sun dawo. Shi kuwa ba a kira an nemi komai a kansa ba, ba a kuma ce ga gawa ba. Da ƙauyen ya watse, aka ce min an ga Ladi cikin waɗanda aka sauke a wata makarantar firamare a gari, na yafa mayafi na je ɗauko ta. Ta so ta yi gardama, na ce ɗakin Inna na nan a rufe babu mai kwana, kuma in ta ƙi bina zan shimfiɗa zanina a ajin nan sai dai a kore mu tare. Ta biyo ni da ƙullin kayanta a kafaɗa.

Matar da na kawo gida ba Ladin da na sani ba ce. Ba ta kuka, da ma ta yi da na ji sauƙi. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana fuskantar zaure, duk sallamar da aka yi da muryar namiji sai ta ɗago. Abinci kuwa in an kai mata sai ta ce an gode, a dawo a ɗauke kwanon yadda aka ajiye shi. Na yi mata fate, na yi ɗanwake, na sa aka nemo doya mai kyau na daka mata sakwara da hannuna duk da ciwon kafaɗa, ta taɓa kaɗan don kunyata. Matan cocinsu na zuwa ranar Lahadi su yi mata addu'a da waƙa, ta bi su da ido. Zaninta ya fara yi mata yawa. Malamin asibitin da ya duba ta ya ce babu ciwon da zai rubuta wa magani, abinci kawai za ta ci, in ba haka ba da wuya ta ga damina. Na tsorata ƙwarai. Na rasa miji, na rasa ƙawaye, amma ban shirya rasa Ladi da yunwa a cikin gidana ba, ga hatsi a rumbu.

Abin da na iya shi na koma wa. Wata rana da hantsi na zube gyaɗa a faifai na zauna kusa da ita, na tura mata rabi, na fara yi mata ɗanɗanon wani fim da na kalla. A ganina na zaɓa da kyau. Na dariya ne, na wani mai shayi da ya kwashi iyalinsa kaf zuwa biki a birni, komai suka taɓa sai ya lalace. Babu bindiga, babu daji, babu mutuwa. Ina ba ta ina kwaikwayon muryoyi, sai na ga yatsunta sun fara ɓarar gyaɗar, har gefen bakinta ya motsa. Daɗi ya ɗebe ni, na bi labarin yadda na saba har inda mai shayin ya waiwaya a tsakiyar tasha ya ga babu ƙaramin ɗansa. A fim ɗin abin dariya ne, yaron na cikin motar burodi yana barci. Amma da na iso nan sai tsohon hali ya motsa, na tsuke baki na kakkaɓe zani.

Ladi ta kama min wuyan hannu. Ban san da sauran ƙarfi haka a jikinta ba.

"An gan shi?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, har da murmushina na ce, "Sauran ai sai ki gani da idonki."

Ba ta sake ni ba. Ta dube ni, idon nan a bushe, ta ce, "Amarya, ni na gaji da jira. In kin sani ki faɗa min."

Kunya ta rufe ni. Ni da nake taƙama da sanin abin da ake ba kowace mace, na zo na ajiye ɓataccen yaro a gaban wannan na ce ta jira. Na ce an gan shi, Ladi, lafiyarsa ƙalau, barci yake a motar burodi, har ya ci wa mai motar kaya, uwar ta fizgo shi ta fara dukansa sannan ta rungume. Ta saki hannuna a hankali ta ce to, yanzu a faro mata daga farko. Na kunna a waya muka kalla, kanmu a haɗe. Da aka zo wurin tashar ba ta kau da ido ba, har ta yi 'yar dariya ta hanci. Gyaɗar da ta ɓare kuwa, ina lura, ɗaya-ɗaya take kai ta baki.

Daga ranar aikina ya sauya. Ni da aka sani da hana faɗin ƙarshe na zama mai fara labari ta ƙarshensa. Duk littafin da zan kai mata sai na karance shi tas tukuna, wanda ake sakowa shafi-shafi ba a gama ba ko kallonsa ba na yi, komai yabon da ake masa. In na zauna sai in ce wannan a ƙarshe sun shirya, wannan an ɗaure azzalumin, wannan ɗan ya dawo. Ta gyaɗa kai, in fara. Na fi kawo mata waɗanda ɓatacce ke dawowa, don na lura a kansu ta fi cin abinci, kuma irinsu ba sa wuyar samu. Idonta ya yi rauni yanzu, ni ke karantawa, tana mitar cewa har na tsufa ban iya muryar mugu ba. Na kuma samu dabara. Ba na buɗe baki sai kwano na gabanta, in hannunta ya tsaya ni ma in tsaya in ce maƙogwarona ya bushe. Ta gane sarai, ta harare ni, ta ci. Tsofaffin ƙawayenmu da suka rage a unguwa suka zo suka tarar ina zayyana ƙarshen littafi tun ba a fara shi ba, ɗaya ta riƙe haɓa ta ce ashe za ta ga wannan rana, da matar direba na da rai da ta kai ƙarata. Na ce su zauna su ɓare gyaɗa ko su kama hanya. Suka zauna. Tabarma ta dawo tsakar gida, har 'yan matan gidan suka fara zare wayoyin kunnensu suna matsowa.

Rani ya yi nisa, kumatunta suka ɗan ciko, ta fara share ƙofar ɗakinta da kanta. Ran nan bayan la'asar, hadarin farko na haɗuwa ta gabas, na gama karanta wani da ɗan ya dawo bayan shekaru ya durƙusa gaban uwarsa, kowa a tabarmar na share ido. Ladi ta jira sai da sauran suka tashi kwashe shanya. Sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Amarya, waɗannan sun isa haka. Na san don ni kike zaɓo su."

Na fara rantse-rantse, ta ɗaga min hannu.

"Ki nemo min wanda yaron bai dawo ba. Ba wanda aka kawo gawa ba, wanda shiru ne kawai. Ina so in ga abin da uwar take yi in gari ya waye."

Na ce to, na shiga ɗaki na yi kukan da ita ba ta yi ba.

Tun ranar nake nema. Na karanta har idona na ruwa, na kalli finafinai babu adadi, na tambaya a zauren nan na waya aka zubo min sunaye yadda aka saba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani uwar ta haukace. A wani ta mutu a shafi na gaba don marubuciyar ta huta da ita. A sauran kuwa, komai daɗewa sai an ƙwanƙwasa ƙofa. Ban ga laifinsu ba, yara ne, tausayin mai karatu suke yi. Amma a garin nan kaɗai na san iyaye mata da yawa da ba a ƙwanƙwasa musu ba, kuma kullum suna tashi su hura wuta. In akwai wadda ta san littafi ko fim irin wannan, wanda ta bi har ƙarshe da idonta, ba wanda ta ji ana yabo ba, don Allah ta sanar da ni, ina da wadda zan kai wa.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Da safe na fito na ga ɗakinta a buɗe babu kowa, na zaga baya da sauri ko takalmi babu. Na same ta a duƙe a ɗan filin da ke bayan ɗakin, tana saran jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar fartanyar maigidana. Na tsaya ina haki. Don in samu abin faɗa sai na ce mata har yanzu ban samo littafin ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba komai, ki ci gaba da nema. Akwai irin kuɓewa a gidan nan, ko sai an je kasuwa?"